An Auna Maza, An Ɗinka wa Mata: Ƙwaƙwalwar Mace da Giɓin Binciken Likitanci

A wani gidan suna da na halarta a nan Tawa cikin watannin zafin da suka gabata, na shiga ɗakin mai jego domin in yi mata barka, sai na tarar da ita zaune a bakin gado ta juya fuska ga bango. Lallen da aka ƙunsa mata ya bushe a ƙafa ba ta kankare ba, furar da aka dama mata ta kwanta a kwano, jaririn kuma yana ta tsala kuka a hannun ƙanwarta. Da aka miƙa mata shi domin ta ba shi mama, ta karɓa ba tare da ta dubi fuskarsa ba. Haihuwarta ta shida ke nan, saboda haka babu mai cewa kunyar ɗan fari ce.

Da na fito tsakar gida na tambayi wata dattijuwa daga dangin mijin ko an kai ta likita, sai ta ce: "Hajiya, ƙyale ta, shagwaɓa ce. Mu da muka haifi goma ba mu yi haka ba." Wata da ke tuƙin tuwo ta karɓe: "A'a Inna, iska ce, a nemo mata mai ruƙiya." A kan waɗannan biyu aka yi ta musu har aka watse.

Ba maganar tsofaffin ce ta fi tsaya mini a rai ba, domin abin da suka gada suka faɗa. Abin da ya fi damuna shi ne amsar da wata ungozoma, ƴar'uwata da ta daɗe a aikin, ta ba ni da na kai mata labarin. Ta ce idan mai jego ta dawo awo ana duba jininta, ana duba nono da ɗinki da cibiyar yaro, amma a duk shekarunta na aiki ba ta saba tambayar uwa ko tana samun barci, ko tana jin daɗin ɗanta, ko wani mugun tunani na zo mata ba.

Ra'ayina shi ne wannan sakaci bai faro daga gidajenmu kaɗai ba. Ilimin likitancin zamani da muke dogaro da shi an gina yawancinsa a kan jikin namiji, kuma ɗan abin da aka fara ganowa game da ƙwaƙwalwar mace an gano shi ne a jikin matan da rayuwarsu ba ta yi kama da ta matan Adar ba. Saboda haka giɓin namu ninki biyu ne, kuma ina ganin kuskure ne babba mu ci gaba da ɗaukar lafiyar ƙwaƙwalwar mata a matsayin zancen ƙoshi da za a waiwaya bayan an gama da sauran cututtuka.

Yadda aka bar mata a bakin ƙofa

A ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960 an sayar wa masu ciki wani magani mai suna talidomid domin laulayi, sai aka haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe da dama da naƙasa a hannuwa da ƙafafu. Tsoron maimaituwar haka ya sa a 1977 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da shawarar a cire duk macen da ke iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin sababbin magunguna. Sai a 1993 majalisar dokokin ƙasar ta wajabta sanya mata cikin binciken da gwamnati ke biya.

A tsakanin waɗannan shekaru aka yi wasu manyan bincike da duniya ta daɗe tana aiki da sakamakonsu. Gwajin da ya nuna cewa asfirin na rage bugun zuciya, wanda aka kammala a ƙarshen shekarun 1980, an yi shi ne a kan likitoci sama da 22,000, kuma babu mace ko ɗaya a cikinsu. Da aka maimaita irinsa a kan mata kusan 40,000, sakamakon da ya fito a 2005 ya sha bamban: a wurin yawancinsu asfirin bai rage bugun zuciya ba, abin da ya rage shi ne shanyewar ɓarin jiki, wato cutar da ke afka wa ƙwaƙwalwa. Ba na kawo wannan domin wata ta je ta sayi asfirin ta riƙa sha da kanta ba, domin yana da nasa haɗarin. Na kawo shi ne domin a ga cewa an yi shekaru fiye da 15 ana zaton amsar maza ita ce amsar kowa.

Ko ɓerayen ɗakin gwaji ba su tsira ba. Wani nazari da aka buga a 2011 ya gano cewa a fannin ilimin ƙwaƙwalwa, binciken da aka yi da dabbobi maza zalla ya ninka na mata zalla sau biyar da rabi. Hujjar masu binciken ita ce sinadaran jikin mace suna hawa suna sauka, suna dagula lissafi. Daga baya, a 2014, aka tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje aka duba, sai aka tarar ɓeraye mata ba su fi maza sauye-sauye ba. Zato ne kawai aka riƙe tsawon zamani ba a gwada shi ba. Sai a 2016 cibiyoyin binciken lafiya na Amurka, NIH, suka fara neman duk mai son kuɗinsu ya yi la'akari da jinsi ko a gwajin dabbobi.

Illar wannan ta fito fili a kan maganin barci mai suna zolpidem. An yi shekaru 20 ana rubuta wa mata adadin da ake rubuta wa maza, kafin a 2013 FDA ta rage na mata zuwa rabi, daga miligiram 10 zuwa 5, bayan an lura cewa yana daɗewa a jininsu har gari ya waye suna cikin maye. Tamkar tela ne ya auna maigida, ya ɗinka wa uwargida da wannan awon, sa'an nan ya yi mamakin ganin rigar ba ta zauna ba.

"Ƙwaƙwalwa ai ƙwaƙwalwa ce"

Wannan ita ce amsar farko da nakan ji, kuma daga masu ilimi take fitowa. Suna cewa Allah bai yi wa mata wata ƙwaƙwalwa dabam ba, don haka abin da aka gano a jikin namiji ya wadatar.

A kan basira da fahimta, na yarda da su ɗari bisa ɗari, kuma dole in faɗi haka da babbar murya, domin na san akwai masu jiran irin wannan rubutu su ce, "Ai mun faɗa, hankalin mace bai kai ba." Ba wannan ake magana ba. Ana magana ne a kan irin cututtukan da ke kama ƙwaƙwalwa, da lokacin da suke kamawa, da yadda jiki ke karɓar magani.

A nan kuwa bambanci a bayyane yake. Ciwon ɓarin kai, wanda ke sa mace ta shige ɗaki ta rufe taga saboda ba ta son haske, ya fi kama mata kusan sau uku a kan maza. Ciwon damuwa mai tsanani, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya fi yawa a mata da kusan rabi. Cutar mantuwa ta Alzheimer, wadda take cikin abin da muke kira gigin tsufa, kusan biyu cikin uku na masu ita a Amurka mata ne. Fara gano cutar ma a jikin mace aka yi, wata Bajamushiya mai suna Auguste Deter da aka kwantar a Frankfurt a 1901 tana da shekara 51, wadda likita Alois Alzheimer ya bayyana labarinta a 1906.

Za a ce mata sun fi maza tsawon rai, shi ya sa suka fi yawa cikin masu mantuwa. Gaskiya ne, kuma wannan ya ɗauki kaso mai yawa na bayanin. Amma masu bincike na zamani suna duba wasu dalilai kuma, musamman abin da ke faruwa a lokacin da al'ada ke ɗaukewa. Hotunan ƙwaƙwalwa da Lisa Mosconi da abokan aikinta suka ɗauka a New York sun nuna cewa yadda ƙwaƙwalwa ke amfani da makamashi yana sauyawa a wannan matakin, kuma zafin da ke taso wa mace da dare, da rashin barci, da mantuwar da take kuka da ita, suna da tushe a jiki. A wurinmu macen da ta kai wannan shekaru takan ji an ce ta fara faɗa, ko kuma kishi ne ke cin ta saboda an yi mata amarya.

Ciki ma haka. Sai a 2016 aka buga binciken da ya nuna a fili cewa ɗaukar ciki na sauya fasalin ƙwaƙwalwa, musamman sassan da ke taimaka wa mutum gane halin da wani yake ciki, kuma sauyin na nan aƙalla shekara biyu bayan haihuwa. Mata 25 ne aka yi wa, a Barselona, dukansu masu cikin fari. A 2024 kuma aka yi ta yayata wani bincike a Kaliforniya inda aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mace guda sau 26, daga kafin ciki har bayan haihuwa. Abin da ya fi komai daɗewa a tarihin ɗan Adam, sai ga shi ilimin zamani yana murnar bin sawunsa a jikin mace ɗaya tak.

"An yi haka ne domin kare abin da ke ciki"

Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Babu wanda ke son a yi gwaji da ɗan tayi. Sai dai cire mai ciki daga bincike bai hana ta rashin lafiya ba, bai kuma hana ta shan magani ba. Abin da ya faru shi ne an ɗauke gwajin daga wurin da ake sa ido ana rubutawa, an mayar da shi ɗakin kowace mace, inda babu mai lura.

Maganin farfaɗiya mai suna valproate, wanda aka fi sani a kantunan magani da Dépakine, ya isa misali. An yi shekaru ana rubuta shi ga mata masu haihuwa kafin a tabbatar, a kuma sanar da su yadda ya kamata, cewa kusan ɗaya cikin goma na ƴaƴan da aka haifa uwa na shansa suna zuwa da naƙasa, kuma kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari suna samun matsalar koyo da girman hankali. A Faransa da Ingila abin ya zama babban abin kunya. Kuma ba a cewa mai farfaɗiya ta daina magani da kanta, domin faɗuwa da ciki na iya kashe uwa da ɗa. Abin da take buƙata shi ne likitan da ya san wanne zai musanya mata da shi tun kafin ta ɗauki ciki.

Lokacin annobar Ebola a gabashin Kwango a 2018 an fara rigakafi ba tare da masu ciki da masu shayarwa ba, duk da cewa cutar na da babban haɗari a gare su, sai a 2019 aka sauya shawara. A gwaje-gwajen farko na rigakafin korona ma an bar su a waje.

Idan kuwa aka yi binciken da su cikin tsari, amfanin ba ya misaltuwa. A 2002 aka fitar da sakamakon wani gwaji da ya ƙunshi mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, wanda ya nuna cewa allurar magnesiyum salfet, magani mai arha, tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga mai cikin da jininta ya hau. Duk ungozomar da ta taɓa riƙe yarinya tana taunar harshe a kan gadon haihuwa ta san darajar wannan allura, kuma ba a san ta haka ba sai da aka yarda a yi bincike da masu ciki.

"Mu da ke fama da masassara da tamowa"

Ga hujjar da ta fi ƙarfi a ƙasarmu. Ana cewa ƙasar da yara ke mutuwa da zazzaɓin cizon sauro da damina, mata na mutuwa wurin haihuwa, ga rashin tsaro ya rufe wasu gidajen likita a karkara, ina ta ga sararin zancen ƙwaƙwalwa?

Amsata ita ce masu wannan magana suna ɗaukar lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin wani fanni can gefe, alhali tana tsakiyar matsalolin da suka lissafa. Jijjigar da ke cikin manyan masu kashe mata a wurin haihuwa, a ƙwaƙwalwa take aukuwa. Macen da ta tsira daga hawan jinin ciki kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare ta nan gaba ya kusan ninka na sauran mata, amma da zarar an sallame ta aka yi suna, sai batun awon jininta ya mutu har sai ta sake ɗaukar wani cikin.

Tamowar yara ma ba ta rabu da halin da uwa take ciki ba. OMS ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan ɗaya cikin biyar na matan da suka haihu suna shiga matsalar tunani, galibi damuwa mai tsanani. Wani nazari da ya tattara bincike daga irin waɗannan ƙasashe ya nuna cewa ƴaƴan uwaye masu wannan ciwo sun fi sauran yara faɗawa rama da tsumburewa da kusan rabi. Ba abin mamaki ba ne. Uwar da ba ta iya tashi daga gado ba za ta iya dama kunu sau biyar a yini ba, ba za ta goyi yaro ta taka zuwa wurin awo ba. Muna raba abincin tamowa ga yaro, muna yi wa uwar faɗa a gaban jama'a cewa ba ta kula, ba mu tambayi abin da ya same ta ba.

Ƙarancin jini, wanda ke damun kusan rabin matan Nijar masu shekarun haihuwa, yana kawo gajiya da jiri da kasa tattara hankali. Wata da ake zargi da lalaci ko wauta a gidan miji, ƙila abin da ke damunta ƙwayar ƙarin jini ce za ta rage shi.

Farfaɗiya kuwa ita ce inda rashin adalcin ya fi fitowa. OMS ta ce mutum miliyan 50 ke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani. Saurayi mai farfaɗiya a garuruwanmu yakan samu ya yi aure. Budurwa mai ita ana ɓoye ta, ana cire ta daga makaranta, idan an aurar da ita ba a faɗa ba kuma ranar da ta faɗi kusa da murhu, ƙuna da takardar saki sukan zo tare.

Haka nan gigin tsufa ba ciwon Turawa ba ne. Cikin mutum miliyan 57 da ke da shi a 2021, sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe irin namu da matsakaita suke, kuma mata ne ke ɗauke da kashi 70 cikin ɗari na awoyin jinya. A gidajenmu ba sai an ƙirga ba: ƴa ce ko matar ɗa ke wanke tsohuwa, ita ke ɓoye ashana, ita ke bin ta idan ta fice da dare tana neman gidan ubanta da aka rushe tun tuni. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya magancewa waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na wannan ciwo, kuma a cikinsu akwai ƙarancin karatu tun ƙuruciya, da hawan jini, da damuwa, da gurɓatacciyar iska, da bugu a kai. Duk wanda ya karanta wannan jerin ya tuna yarinyar da aka cire daga aji, da matar da ke wuni cikin hayaƙin itace, da wadda ake duka a ɗaki, zai gane cewa da mu ake.

Iska, sammu da maita

Ba na cikin masu yi wa addu'a ba'a, kuma ban ga dalilin da zai sa a ce wa iyali su zaɓi tsakanin malam da likita ba. Hadisi ingantacce ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da nake ƙi shi ne a tsaya a ruƙiya wata da watanni ana kallon mace tana lalacewa, ko a ɗaure ta da mari, ko kuma a kira tsohuwar da ƙwaƙwalwarta ta gaza mayya saboda an gan ta tana yawo da dare tana surutai. Idan likita ba shi da bayanin da zai bayar, wani zai bayar da nasa, kuma mace ce ke biyan kuɗin.

"Su bincika, mu ara"

Saura masu cewa bincike aikin masu kuɗi ne, mu jira Amurka da Turai su gano, mu ɗauko. A wasu abubuwa haka ne, babu buƙatar mu sake ƙirƙiro abin da aka gama. Amma a wannan fanni aro ba ya isa.

Fiye da kashi uku cikin huɗu na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu asalinsu Turai ne, ƴan asalin Afirka kuwa ba su wuce kaso ƙalilan cikin ɗari ba. Da aka kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata na Indianapolis a Amurka, a wani bincike da aka fara a 1992, an tarar cutar Alzheimer ta fi ƙaranci a Ibadan, kuma ƙwayar gadon da aka fi danganta ta da cutar a Turai ba ta da irin wannan ƙarfi a can. Tun a shekarun 1970 kuma likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kunun kanwa da gashin jego, abin da babu littafin Landan ko Paris da zai taɓa hango shi.

Mace a Nijar, bisa ƙididdigar 2012, tana haihuwa 7.6 a matsakaici, ƙididdigar 2021 kuma ta ce 6.2. Uku cikin huɗu ana yi musu aure kafin shekara 18, wato a lokacin da ƙwaƙwalwarsu ba ta gama girma ba. Binciken da aka yi wa mata 25 masu cikin fari a Barselona ba zai gaya mana abin da ciki bakwai a jere, da shayarwa kusan ba hutu, da ƙarancin jini, da zafin Afrilu ke yi wa ƙwaƙwalwar matar Buza ko Keita ba. Wannan tambaya tamu ce, kuma babu wanda ya fi mu bukatar amsarta.

Kada kuma a ce ba mu iya ba. A jihar Doso aka yi ɓangaren Nijar na gwajin da ya nuna a 2018 cewa raba maganin azitromisin ga yara ya rage mace-macensu a Nijar da kusan kashi 18 cikin ɗari. A Madarunfa aka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi, aka buga sakamakon a 2017. A 2023 mujallar Lancet Global Health ta buga yadda wani tsari mai sauƙi da aka bi a gidajen haihuwa na faɗin ƙasar nan ya rage mutuwar mata ta hanyar zubar jini da fiye da rabi. Muna da sashen likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni, muna da cibiyar binciken lafiya ta CERMES, muna da cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL da ta daɗe tana nazarin yadda ake karɓar marasa lafiya a gidajen likita. Abin da ya rage shi ne a juyo da wannan ƙwarewa ta wannan ɓangare.

Gaskiya ne ƙwararru sun yi ƙaranci. OMS ta nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ma'aikatan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba su wuce 0.1 ga kowane mutum 100,000 ba, alhali a ƙasashe masu arziki sun kai 7.1. Matar Tawa da ke buƙatar ganin ƙwararre sau da yawa sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 500 zuwa Yamai, da kuɗin mota na mutum biyu, da izinin miji, da wanda za ta bar wa yara. Amma wannan dalili ne na a fara daga ƙasa. Tun 2008 OMS ta fito da tsarin mhGAP domin koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba gane damuwa da farfaɗiya da gigin tsufa da kuma yi musu magani.

Matan ba sai an nemo su ba. Suna zuwa awon ciki, suna zuwa rigakafin yara, suna zaune a kan benci tun safe da katin a hannu. Akwai jerin tambayoyi goma da aka tsara a Edimbura tun 1987 domin gano damuwar bayan haihuwa, wanda ba ya ɗaukar minti goma. A fassara shi da kyau zuwa Hausa da Zabarmanci da Fulfulde da Tamashek da Barbarci, a gwada ko ya dace da yadda matanmu ke faɗin ciwonsu, domin mace a nan ba kasafai za ta ce tana cikin baƙin ciki ba, za ta ce kanta na zafi, zuciyarta na faɗuwa, wani abu na yawo a jikinta. Wannan aiki ne da ɗaliban likitanci masu neman abin rubuta kundin kammala karatu za su iya yi, kuma ya fi dacewa mata su jagorance shi, domin akwai abin da mai jego ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, balle mijinta ko surukarta na tsaye a kanta.

Kwamitin da ke ba da izinin yin bincike a ƙasar nan yana da ikon ƙin duk wani aikin da bai faɗi mata nawa za a saka ba, ko bai yi alkawarin fitar da sakamakon maza dabam na mata dabam ba, ko ya cire masu ciki da masu shayarwa ba tare da hujja a rubuce ba. A ƙasar da mace ke shafe yawancin shekarunta na ƙarfi tsakanin ciki da goyo, cire waɗannan biyun daidai yake da cire yawancin mata.

Akwai kuma abin da aka riga aka sani, wanda bai isa teburin da ake buƙatarsa ba. Gardénal da Tégrétol, magungunan farfaɗiya da aka fi samu a wurinmu, suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da wanda ake sakawa a ƙarƙashin fatar damtse. Mace mai ciwon ɓarin kai da ke ganin walƙiya ko duhu-duhu kafin ciwon ya taso bai kamata a ba ta ƙwayar tazara mai haɗin sinadarai biyu ba, domin tana ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Waɗannan tambayoyi biyu ne, "Kina shan maganin farfaɗiya?" da "Kina ciwon kai, kuma yaya yake fara miki?", kuma ya kamata a buga su a kan katin tazarar haihuwa, ta yadda ko sabuwar ma'aikaciya a ƙaramin gidan likita na ƙauye ba za ta miƙa magani ba sai ta cike gurbinsu.